Yarana suna mita idan mun fita tattaki, wane wasa zan yi da su a hanya?

"Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babbar shekararta 11, mai bi mata 7, auta 4. Ni da mai gidana mun ƙudura mu riƙa fita tattaki da yamma tare da su, ko sau uku a mako, don mu motsa jiki, su ma su ɗan rabu da waya da talabijin. To amma ko minti goma ba ma yi sai auta ya tsuguna ya ce a ɗauke shi, na tsakiya ya hau tambayar yaushe za mu koma, ita kuwa babbar ta ɗaure fuska tana jan ƙafa a baya. Na gwada yi musu alkawarin kyauta, ya yi aiki kwana biyu ya daina. Wane wasa zan yi da su a hanya, ga tazarar shekaru a tsakaninsu? Ko dai in haƙura in bar su a gida?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Bari in fara da ƙarshen tambayarki: kada ki bar su a gida. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa takwas, fita zagaye da su yana cikin aikina na mako-mako, kuma a gida na yi wannan fama da nawa. Tsugunawar auta, da "yaushe za mu koma" ta na tsakiya, da ɗaure fuskar babbar, duk na san su kamar yunwar cikina. Babu ɗaya daga ciki da ke nuna yaranki ragwaye ne.

Kuma fitar ta cancanci a yi mata wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana suna motsi mai sa numfashi ya ɗan hau, 'yan shekara 3 da 4 kuma su samu minti 180 na motsi iri-iri a wuni. Akwai kuma amfanin da iyaye ba su cika sani ba, na ido. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa ɗaliban ajin farko na wasu makarantun firamare minti 40 a waje kowace ranar karatu, aka bi su shekara uku. A sakamakon da aka wallafa a 2015, kusan kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da matsalar idon nan da ke hana ganin abin da ke nesa sai da tabarau, alhali a makarantun da ba a ƙara ba an kusa kashi 40. Hasken rana ake alaƙanta wannan da shi, don haka in da hali ku fita tun rana ba ta faɗi ba.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema: wasannin da za a yi ana tafiya, da yadda wasa ɗaya zai ɗauki ɗan shekara huɗu da 'yar shekara sha ɗaya. Sai dai akwai tambaya ta uku a ƙarƙashinsu, wadda in ba a amsa ta ba, ko wasa ɗari na lissafa miki mako guda za su yi su ƙare. Me ya sa yaron da zai wuni yana guje-guje a tsakar gida ba ya cewa ya gaji, amma minti goma a kan hanya sai ƙafa ta ƙi?

Abin da ke gajiyar da yaro a hanya

Akwai gajiya ta gaskiya, kada mu raina ta. Ƙafar ɗan shekara huɗu gajera ce. Inda babansa zai yi taku ɗaya, shi sai ya yi kusan biyu, kuma ƙaramin yaro yana ƙona ƙarfi fiye da babba, gwargwadon nauyinsa, idan suka yi tafiya mai nisa ɗaya. Abin da ke da mai gidanki kuke kira tafiyar shan iska, a wurin auta sassarfa ce. Ki lura da shi gobe, za ki ga yana taku uku yana ɗan gudu don ya cim muku, hannunsa a miƙe sama a cikin naki. Babba ma in aka ɗaga masa hannu sama da kai aka ja shi haka, wurin zama zai nema.

Sannan jikin yaro ba ya son tafiyar bai-ɗaya. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, an bi yara 'yan shekara 6 zuwa 10 ana rubuta motsinsu cikin harkarsu ta yau da kullum, sai aka ga motsinsu mai ƙarfi 'yan daƙiƙoƙi yake ɗauka, da wuya ya wuce daƙiƙa 15, sai su lafa, sai su sake zabura. Duk uwa ta san wannan ko ba a yi bincike ba: ya ruga, ya tsaya, ya tsuguna, ya tsinci wani abu, ya sake rugawa. A tsakar gida an bar shi a kan wannan ɗabi'a tasa, shi ya sa ba ya gajiya. A kan hanya mun ce ya miƙe sambal da sauri ɗaya kamar babba.

Ga kuma lokaci. "Saura kaɗan" ko "saura minti goma" ba su da wata ma'ana a kunnen auta, shi ma na tsakiyan yanzu yake koyon karanta agogo. Tambayarsa ta "yaushe za mu koma" tambayar mutum ce da aka sa a hanyar da bai san ƙarshenta ba. Ki ba shi amsar da ido zai gani: "In mun kai waccan bishiyar mai rassa biyu za mu juya." Sau da yawa wannan kaɗai ke kashe rabin mitar.

Babban dalilin kuwa shi ne, ke kin san abin da ya fito da ke, su ba su sani ba. Lafiyar zuciya da rage zama ba abin da zai ja ƙafar yaro ba ne. Akwai wani tsohon gwaji da aka wallafa a Tarayyar Sobiyat a 1948 da nake yawan ba iyaye labarinsa. An ce wa ƙananan yara su tsaya cak ba motsi, ba su daɗe ba suka fara mutsu-mutsu. Da aka ce musu wasa ake yi, su ne masu gadin ƙofa, sai suka daɗe a tsaye fiye da da, nesa ba kusa ba. Ƙafafun ba su canja ba, tsayuwar ce ta samu dalili. Wannan shi ne aikin wasa a tattaki, wato ya ba tafiyar dalilin da yaro zai gane. Shi ya sa na fi son wasan da ke fitowa daga hanyar kanta, wanda zai sa yaro ya kalli abin da ke gabansa ya matsa don ya ga na gaba, a kan wasan da zai sa ya manta yana waje.

Game da kyautar da kika yi alkawari, abin da kika gani sananne ne. A 1973, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun samu yara 'yan nazare masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawari ne suka rage zane da kansu, sauran suka ci gaba. Idan kika ce "in kun yi tafiyar zan ba ku kaza", kin gaya musu tafiyar wahala ce da ake biyan mutum a kanta, gobe kuma farashin zai hau. Yabo bayan an dawo, ko wani abin farin ciki da ba su zata ba, wannan ba laifi.

Shekara 4, 7 da 11 a wasa ɗaya

Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya zauna yana kallon yara suna wasa da ƙananan ƙwallayen gilashi, yana tambayarsu dokokin wasan, ya wallafa abin da ya gano a 1932. Ƙanana suna kwaikwayon manya amma kowa nasa wasan yake yi, kuma a ganinsu kowa na iya cin wasa lokaci guda. Wajen shekara 7 zuwa 8 yaro ke fara damuwa da wa ya ci, wa ya yi maguɗi. Wajen 11 zuwa 12 kuwa, tsara dokar da gyara ta su ne abin sha'awar. Kin ga yaranki uku sun zauna daidai a kan waɗannan matakai uku.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, tsere tsakaninsu ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Babbar za ta ci kullum, na tsakiya zai yi fushi, auta zai ce shi ya ci, rigima ta tashi. Ki haɗa su ƙungiya ɗaya su kara da wani abu daban: su uku da ku iyaye, ko su da adadin da suka samu jiya. Kowa kuma a ba shi rabonsa daidai ƙarfinsa. Auta ya gano, na tsakiya ya ƙirga ya tsare doka, babbar ta tsara dokar.

Wasan da na fi dogara da shi shi ne farauta da ido. Kafin a fita, babbar ta rubuta abubuwa kamar goma da za a nemo a hanya: jar ƙofa, tsuntsu a kan waya, ganyen da ya fi tafin hannun auta faɗi, dutse mai santsi, abu mai siffar zobe, lambar mota mai 7 a ciki, inuwar da ta fi Baba tsawo. Ta cakuɗa masu sauƙi da masu wuya. Launi da dabba na auta ne, lamba da harafi na ɗan bakwai ne, ita kuma ta sa wa kanta masu ɗaure kai, irin su "abin da ba ya nan makon jiya" ko "abin da ya girmi Mama". Ba sai lissafin ya cika ake komawa gida ba, abin da ba a samu ba a ajiye shi bashi zuwa fita ta gaba, kuma wannan bashin shi ke sa yaro ya tambaye ki da kansa yaushe za a sake fita. Na ga aji guda sun yi mako uku suna neman farin gashin tsuntsu, ranar da wata yarinya ta tsinto shi sai ka ce zinariya aka haƙo.

Idan za a tsinci abu da hannu, ki kafa doka tun daga ƙofar gida: abin da ya faɗo ƙasa da kansa kawai ake ɗauka, ba a tsinkar furen mutane, ba a taɓa kwalba ko ƙarfe ko allura, ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba a kai komai baki. Ki ba auta 'yar jaka ya rataya. Yaron da ke da kaya a jaka yana jin shi ma'aikaci ne, kuma ya fi wuya ya ce a ɗauke shi. In an dawo a wanke hannu, a baje abin da aka samo a kan tire a duba.

Ƙanin wannan wasan shi ne "Na hango". Ɗaya ya zaɓi abu a zuciyarsa ya ce, "Na hango wani abu kore," sauran su yi ta canka. Wa auta a faɗi launi, wa na tsakiya a faɗi sautin farko na sunan abin, wa babbar a mayar da shi kacici-kacici: "Na hango abin da ke tsaye dare da rana, ba ya zama, ba ya gajiya." Dabara ɗaya da ba a cika faɗa ba: ki riƙa zaɓen abin da ke can gaba, don ƙafa ta bi ido. In kika zaɓi abin da ke kusa, za a tsaya a wuri ɗaya ana gardama.

Ga auta musamman, ki bi ɗabi'ar jikinsa ta rugawa da tsayawa. Daga wannan falwaya zuwa waccan a yi takun ƙato, daga can a yi takun tururuwa, sannan tafiyar agwagwa, sannan tsalle da ƙafa ɗaya, sannan a ruga a taɓa bishiya a jira Mama. A taka inuwar Baba, shi kuma ya yi ta gocewa. Waɗannan ba sa buƙatar bayani, kuma da kin fara biyu shi zai ƙirƙiro na uku.

Wasan da ba na yarda a tsallake

Akwai wasa ɗaya da nake fara koya wa kowane sabon aji kafin mu taka bakin ƙofar makaranta, shi ne "Tafi, tsaya". In na ce "Tafi!" kowa ya yi gaba yadda ya ga dama, in na ce "Tsaya!" kowa ya ƙame a yadda yake, ko da ƙafa ɗaya a sama. Yara suna mutuwar sonsa, don ƙamewar na ba su dariya. Ni kuwa abin da nake nema shi ne jikinsu ya saba tsayawa da jin kalmar, tun kafin tunani ya zo.

Wata rana muna dawowa daga zagaye, iska ta fizge hular wani yaro ɗan shekara biyar ta jefa ta kan titi. Ya zabura zai bi ta, ni kuma ina da nisan da hannuna ba zai kai gare shi ba. Na ɗaga murya na ce "Tsaya!" Yaron ya ƙame a bakin kwalta, hannu a miƙe, yana murmushi don a zatonsa wasan ne, babur ya wuce ta gabansa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar ban taɓa fita da yara ba tare da mun yi wannan wasan sau biyu ko uku a farkon hanya ba.

Ki kiyaye abu biyu a kansa. Kalmar ta zama ɗaya tak, ke da mai gidanki ku yi amfani da ita iri ɗaya. Kuma kada a taɓa sa ta cikin wasan juyi, irin wanda ake cewa in an ce zauna ka tashi. Wasan juyi yana da kyau, yana koya wa yaro kame kai, amma a yi shi da wasu kalmomi. "Tsaya" ba ta da ma'ana biyu.

Tunda mun zo nan, bari in ƙarasa maganar hanya. Wasan gudu sai inda babu abin hawa. Inda babu gefen masu tafiya a ƙasa, ku bi ɓangaren da za ku fuskanci motocin da ke tahowa, yara a ciki, manya a bakin titi. A mararraba ko wurin tsallakawa duk wasa ya tsaya, a kama hannu. Yaron da bai kai shekara goma ba bai gama iya auna saurin mota da nisanta ba, don haka na tsakiyan ma kada a sake shi ya tsallaka shi kaɗai komai wayonsa.

Sai wani wasa da iyaye ke so ƙwarai wanda nake roƙonki ki bari: uwa ta kama hannu ɗaya, uba ya kama ɗaya, a ƙirga uku a ɗaga yaro a yi lilo da shi. A ƙananan yara, musamman 'yan shekara 1 zuwa 4, jijiyar da ke riƙe ƙashin gwiwar hannu ba ta gama ƙwari ba, fizga ɗaya na iya sa ta goce. Alamarsa, yaro ya yi kuka nan take, sannan ya saki hannun yana reto ya ƙi amfani da shi. Likita na mayar da shi cikin ɗan lokaci, amma kada a gwada ja ko murzawa a gida. In za ki ɗaga auta, ki kama shi ta hammata.

Babbar

Ita maganarta daban ce, kuma na fi jin ta a raina. 'Yar shekara sha ɗaya tana bakin ƙofar girma, ta fara jin kunyar a gan ta tana takun agwagwa a titi. In kika matsa mata sai ta ƙara ɗaure fuska. Kada ki kira abin wasa a gabanta, ki ba ta aiki na gaske. Ita ce mai zaɓen hanya, a mararraba ita ke cewa dama ko hagu. Ta zana taswirar zagayenku a takarda, ta sa wa wurare suna, ta riƙa ƙara abin da aka gano. Ta auna da agogo minti nawa kuka yi yau. In waya ce ke ranta, ni ba na ganin laifin a ba ta ita da sharaɗi: hoto biyar kacal a duk fitar, na abin da ba wanda ya lura da shi, sannan wayar ta koma jaka. Ƙayyade adadin ne ke sa ta duba da kyau kafin ta ɗauka.

Amma a kula kada aikin ya zama raino. In duk fita ita ce mai riƙe auta, mai goya shi, mai shan faɗa in ya faɗi, to tana da gaskiya in ta ƙi fitar. Ki ware mata minti biyar ko goma ta jera da ke ko da babanta su biyu, ƙananan suna gaba da ɗayanku. Kada ki yi mata tambayoyi. Yara masu wannan shekaru sun fi sakin baki in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a kallon ƙwayar idonsu. Abin da 'yata ta fara gaya mini game da wata ƙawa da ke takura mata a makaranta, a hanya ta faɗe shi, bayan na yi kwanaki ina tambaya a ɗaki tana cewa ba komai.

Hanyar dawowa

Kuskuren da na fi gani shi ne a zazzage duk wasanni a minti goman farko, lokacin da yara ke da ƙarfinsu kuma ba sa buƙatar komai. In ban da "Tafi, tsaya", ki bar farkon tafiya haka nan. Ki ajiye mafi daɗin don dawowa, lokacin da ƙafa ta yi nauyi. A nan labarin haɗin gwiwa ke aiki: ke ki fara da jimla ɗaya, "Wata rana wani kunkuru ya tsinci makulli a bakin hanya," na kusa da ke ya ɗora tasa, a yi ta zagayawa. Duk abin da aka wuce dole ya shiga labarin, ko keke ne ko kare. Auta zai kawo abin da bai haɗu da komai ba, a karɓa a ci gaba. In kika tsaya a wuri mai daɗi daidai ƙofar gida kika ce sai jibi, kin samu masu tashinki fita. Waƙa ma haka take, don taku na bin kiɗa, kuma yaron da ke rera waƙa ba ya mita.

In hanyar ta ba da dama, ku yi zagaye maimakon ku je ku dawo ta inda kuka bi. Ku fara da gajere, minti 15 zuwa 20, ku shigo gida tun suna son ƙari, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. In ku manya kuna son tafiyar da za ta fitar muku da gumi, ku nemi wani lokaci dabam ko ku yi karɓa-karɓa, don tattakin iyali a kan saurin mafi ƙanƙanta yake tafiya.

Maganar "a ɗauke ni" kuwa, kada ta zama yaƙi. Ki gwada wasa tukuna. In ya tashi ya ruga, gundura ce. In ya gwada ya sake tsugunawa, ya gaji da gaske, a ɗauke shi amma da iyaka da zai gani: "Daga nan zuwa waccan jar motar, sannan ka sauka ka nuna mana hanya." Ku tafi da ruwa, ku guji tsananin zafi, ki kuma duba takalminsa, don takalmin da ya matse ko yake cin dunduniya ya sha sa a kira yaro rago.

Inda wasa ba ya magani

Ni malamar yara ce, ba likita ba, kuma akwai abin da ba nawa ba ne. Idan yaro yana ɗingishi, ko kullum ƙafa ɗaya ko gwiwa ɗaya yake kuka da ita, ko akwai kumburi, ko yana haki da tari da shaƙewar numfashi bayan ɗan motsi, ko yana saurin gajiya fiye da sa'o'insa har a gida, a kai shi asibiti kafin a ci gaba. Yaron da ke da lalura ta jiki, ko wanda hayaniya da sauyin tsari ke tayar masa da hankali, yana iya fi son hanya ɗaya da wasa ɗaya kullum ba canji, kuma wanda ke duba shi ya fi ni sanin abin da ya dace da shi. Sannan akwai ranar da duk dabara za ta ƙi: an fito da yunwa, ko barci bai ishe su ba, ko an yi faɗa kafin a fita. Irin wannan rana ku taƙaita ku koma gida ba tare da faɗa ba, don kada tattaki ya haɗu da ɓacin rai a zuciyarsu.

Akwai kuma wasan da nake yi sau ɗaya a kowace fita wanda kusan ba wasa ba ne. Mu tsaya a wuri mai aminci, kowa ya yi shiru na minti ɗaya, ya ƙirga da yatsu sauti nawa ya ji. Sannan a faɗa: tsuntsu iri biyu, injin can nesa, iska a ganye, takun wani, numfashina. Ranar farko daƙiƙa goma za su yi su fashe da dariya. Bayan mako biyu ko uku za ki ga suna neman a ƙara. Daga nan ne za ki fara lura wasannin suna raguwa da kansu, na tsakiya yana tafe yana shura tsakuwa yana tunaninsa, auta ya tsuguna, amma wannan karon jerin tururuwa yake kallo suna jan ƙwaro. In kika ga haka kada ki kawo sabon wasa, kada kuma ki ce ya tashi ana sauri. Ki tsuguna kusa da shi ku ga inda za su kai ƙwaron.